Wanda ya karye ba matsiyaci ba ne, yaji kuma ba saki ba ne

Wallahi na gaji da gyara ma samarinmu magana, a fada wajen shan shayi da cikin gurup na WhatsApp kullum kuskuren guda ne. Faransancin lakkol sun iya shi, amma kalmomin rashi da na aure sai su dinga ɗibarsu kamar daga kwano guda, ba su san kowace da nauyinta ba.

Bari in fara da tsiya don ita ta ci ni. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka cikin watan Agusta na 2019 ina yaron shago a babbar kasuwa, maigidana shinkafa yake turawa ta Dan Isa zuwa Jibiya, kaya suka tsaya, masu bashi suka taso shi gaba har ya saida motarshi. Ni kuma da tausayi na ce ma wani maƙwabcin rumfa "ai Alhaji ya tsiyace". Kafin la'asar magana ta kai mishi. Bai zage ni ba, makullin sito kawai ya miƙo hannu ya amsa, ya ce in je in nemi mai arziki in tsaya mishi. Shekara huɗu na zama da shi ta tafi a kalma guda. Don me? Don tsiya ba rashin kuɗi kaɗai ba ce, akwai hali cikinta, matsiyaci shi ne wanda ko an saka shi tandun mai busasshe zai fito. Ɗan kasuwar da jarinshi ya tafi cewa ake ya samu karayar arziki, ko ya karye. Ni tun ranar ko "ya karye" ba na faɗi in da mutane, sai in ce kasuwa ta juya mishi baya, Allah ya maida alheri, in ja bakina.

Talaka ma kuna ɓata ta. Asalin talaka wanda ba ya riƙe da sarauta ne, yana iya cika rumbu uku da hatsi kuma talakan sarki ne. Fatara ta fi talauci zafi, ita ce babu ta ƙarshe irin wadda aka gani nan Nijar a yunwar 2005, kar ka kira rashin kuɗin kiredi fatara. Kayan da suka yi kwantai ba asara ba ce tukuna, suna nan cikin shago suna jiran mai saye.

To sai ta biyun, wadda har yau in na tuna sai in ji kunya. Matar wani ɗan baffana ta yi yaji ta tafi gidansu Tibiri, ni da shegen surutu aka tambaye ni na ce auren ya mutu. Kai jama'a! Sati bai cika ba wani ya aika yana neman zawarci, matar aure da igiyarta uku cur, miji na nan yana haɗa goro da turmin atamfa na biko. Da ya ji sai ya rantse iyayenta ne suka buɗe ƙofa, bikon da dattijo guda zai gama da yamma ɗaya sai da ya ci wata biyu, ni kuma aka zaunar da ni zaure gaban baffa ina kallon tabarma. Ku saurara da kyau ku masu saurin baki: yaji fushi ne, mace ta tafi gida a bi ta a lallasa. Saki sai miji ya furta ko ya rubuta, kuma ko shi in ɗaya ne yana iya maida ta cikin idda ba sabon sadaki. Wa ya aike ka kashe auren da mai shi bai kashe ba? In an tambaye ni yanzu cewa nake ta je ganin gida, ko da na ga fitarta da akwati a kan kabu-kabu.

Idda ta wadda aka saka ce, takaba ta wadda miji ya rasu, wata huɗu da kwana goma, kar ka je gaisuwa ka haɗa su. Tuzuru bai taɓa aure ba, gwauro ya yi matar ta fita. Saɓani ana yi ana gaisawa, in an kai ga gaba ko sallama ba a amsawa, don haka daina cewa wane da wane na gaba don kawai sun yi musu kan jika biyar.