Fegin saiti: kurakuran da ke kashe sabon kuloci

A Suame Magazine ta Kumasi, inda samarin Zango da Aboabo da yawa ke koyon aikin fita, wato gyaran mota, direban tirotiro, wato bas ɗin haya, kan dawo bayan 'yan makonni yana rantsuwa cewa kulocin da aka sa masa jabu ne. Sau da yawa kulocin lafiyarsa ƙalau, fegin saiti aka manta.

Fegin nan gajeren ƙarfe ne mulmulalle da ke zama daram a raminsa. Akwai biyu tsakanin inji da bakin giyabos, akwai biyu ko uku a fuskar fulayiwil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke bayan inji, inda murfin kuloci ke zama. Noti ɗaurewa kawai yake yi, domin raminsa na da ɗan sarari. Fegi ne ke sa sandar giya, wato wadda ke fitowa daga giyabos ta shiga faifan kuloci, ta fuskanci tsakiyar karanshaf, babbar sandar inji mai juya fulayiwil, kuma kaucewar da ake yarda da ita yawanci ba ta wuce milimita 0.13.

An fi yin ɓarnar wajen canjin inji ko giyabos na hannu. Fegi yakan maƙale a tsohon giyabos ya tafi da shi, yaro ya ɗora sabo, notuna su shiga lafiya, kowa ya ɗauka aiki ya yi. Daga nan mota ta fara rawa in an saki kuloci, giya ta riƙa gardama, boris ɗin sandar ya soma kuka, wani lokaci cibiyar faifan kuloci ta tsage. Kafin ka ɗaga giyabos, sa yatsa a ramukan nan biyu, a ɓangaren inji da na giyabos. Kowane rami fegi ɗaya yake so. In ka tarar da fegi a duka ɓangarorin, cire ɗaya, don ba za su haɗu ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne jawo giyabos da noti in ya ƙi zama. Ƙin zaman nan magana yake yi maka: ko faifan bai tsaya a tsakiya ba, ko fegi ya karkace. Sauke shi, ka saita faifan da tsohuwar sandar giya, ka sake gwadawa har bakin ya haɗu da ƙarfin hannu kawai.

In an kai fulayiwil wurin gyaran fuska, akan zare fegin, to ka tabbata an dawo maka da su. Goge ramin, gefen da aka fiƙe ya kalli waje, ka buga a hankali da guntun tagulla a tsakani, domin guduma kai tsaye tana baje kansa. Wanda ya yi sako-sako a canza shi da mai girmansa. Yankakken noti ko ƙusa ba ya maye gurbinsa.

Murfin kuloci kuma ya hau fegin tukuna, sannan a ɗaure notunansa kaɗan-kaɗan, wannan da na daura da shi, har su kai awon da littafin motar ya faɗa.