Ga ɗaliban kasuwanci da suka shigo Maradi karatu daga Najeriya

Ƙannena da kuka tsallako ta Jibiya da Ɗan Issa, idan malami ya ba ku aikin bincike kan haɗewar kamfanoni ko sayen wani kamfani, kada ku ɗauka hanyar da kuka saba a gida za ta fisshe ku. A kasuwa Hausa ta ishe ku, amma takardun kamfanoni a Nijar da Faransanci suke, kuma dokarsu daban ce. Nijar tana cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 masu dokar kasuwanci ɗaya, Najeriya kuwa ba ta ciki. Rajistar da kuke nema a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, nan sunanta RCCM. Ku fara da dokar kamfanoni ta OHADA, wadda aka sabunta a 2014. Ku tambayi mai kula da laburaren jami'a, ko ku sauke ta kyauta a intanet.

Abin da ya fi wahalar da sabon zuwa shi ne sunaye. Kamfani in ya sake hannu yakan sake suna, tsofaffin takardu kuma suna nan da tsohon sunan. Duba layin wayar da ke aljihunka. Airtel da can Celtel ne, ya koma Zain a 2008, sannan Bharti ta Indiya ta saye shi a 2010. Wanda ya rubuta Airtel kaɗai a wajen nema ya yi asarar rabin labarin. Orange ta sayar da reshenta na Nijar a 2019, shi ne Zamani na yau. Moov ya bar hannun Etisalat ya koma na Maroc Telecom a 2015. Niger Telecom kuwa haɗewa ce ta gaske: kamfanonin waya biyu, Sonitel da SahelCom, gwamnati ta gama wuri ɗaya a 2016. Ni a ganina wannan ya fi dacewa da aikin ɗalibi, domin duka ɓangarorin na gida ne, kuma a garin nan ba za ka rasa wanda ya yi amfani da su ba. Kafin ka taɓa kwamfuta, jera sunayen da shekarunsu a takarda, ka nemi kowanne tare da kalmomin fusion (haɗewa), rachat (saye) da cession (sayarwa).

In banki ka zaɓa, rahoton shekara na hukumar sa ido kan bankunan UMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, yana shafin BCEAO, babban bankinsu. Bank of Africa Niger tana kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan, don haka lissafinta a buɗe yake. Tsofaffin kwafin jaridar Le Sahel ma suna ɗauke da sanarwar kamfanoni.

Wanda Faransancinsa bai nuna ba, ya kama aboki ɗan Nijar a aji su karanta tare. Lura kuma, a takardunsu waƙafi ne ke maye gurbin ɗigon lissafi: 2,5 na nufin biyu da rabi, kuɗin kuma sefa ne.