Sunan jariri a ƙasar waje: abin da ya kamata a sani kafin haihuwa ta zo

Ko a gida suna yana tona asali. A Gombe da ka ji Bappa ko Adda ko Hamma, ka san akwai Fulani a gidan. A Bauchi idan aka ce yarinya sunanta Hanan ko Ihsan, sai a ce 'yar 'yan boko ce. Idan kuwa Talatu ce ko Tanko, wasu su ɗauka daga ƙauye aka fito, ko da ba haka ba ne. Turawa ma suna wannan zato, sai dai ma'auninsu daban ne, kuma a can abin yana taɓa neman aiki.

A Amurka, sunayen da muka ɗauka na Musulunci ne zalla, da yawa ana jin su a matsayin sunayen baƙaƙen fatar ƙasar. Wasu masana biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga kamfanoni a Boston da Chicago, suka wallafa sakamakon a 2004. Sunayen da ke kan takardun ne aka riƙa sauyawa, wasu na farare wasu na baƙaƙe. Masu sunayen farare irin su Emily da Greg sun fi samun kira da kusan kashi 50 cikin 100. A jerin sunayen da aka sa a ɓangaren baƙaƙe akwai Aisha da Rasheed da Kareem da Hakim da Jamal. To ka ga A'isharka ta Azare, tun ba a ga fuskarta ba an riga an ajiye ta a wani layi.

A Birtaniya labarin bai canza sosai ba. Binciken kwalejin Nuffield ta Jami'ar Oxford a 2019 ya nuna cewa mai asalin Najeriya sai ya aika takardu fiye da na Bature da kusan kashi 80 cikin 100 kafin ya samu amsa daidai da tasa. Amma kuma a 2023 Muhammad ne sunan da aka fi raɗa wa yara maza a Ingila da Wales. A Jamus kuwa har da zancen talaka da mai hali: binciken Jami'ar Oldenburg na 2009 ya gano malaman firamare da yawa suna yi wa Kevin da Chantal kallon 'ya'yan talakawa marasa natsuwa. Wanda ya laƙa wa ɗansa sunan Turawa don ya saje, yana iya faɗawa wani ramin da bai san da shi ba.

Ra'ayinmu a nan a fili yake. Kada wannan ya sa ka hana mahaifinka takwara. Nuna bambanci saboda asali laifi ne a dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010, haka ma a dokar 'yancin jama'a ta Amurka ta 1964, kuma sauya suna ba ya sauya launin fata ranar ganawar neman aiki. Abin da ke hannunka shi ne yadda za a rubuta sunan da yadda za a jera shi, kuma a nan ne mutanenmu suka fi shan wahala.

Lokaci ne farkon tarko. Mun saba sai kwana bakwai a yanka rago a bayyana suna. Faransa kwana 5 ta bayar a yi rajistar haihuwa. A Amurka yawanci tun a asibiti ake miƙo takardar cikewa, kafin a sallami mai jego. Scotland kwana 21 ne, Ingila da Wales 42. Saboda haka a gama shawara da kakanni ta waya tun cikin yana wata takwas, a tanadi na namiji da na mace. A yi wa jariri huɗuba da sunan, a rubuta shi, ragon kuma a aika kuɗi a yanka a Dukku ko Misau ranar bakwai. A Jamus ofishin rajista yana iya neman shaidar cewa ana amfani da sunan a ƙasarku idan bai san shi ba, don haka ka riƙe fasfon wani ɗan'uwa mai sunan ko kwafinsa.

Sai rubutu. Muhammad da Mohammed da Muhammadu sunaye uku ne daban a wurin kwamfuta. Ka zaɓi ɗaya, ya zama shi ne a takardar haihuwa da fasfo da katin asibiti. Alamar da ke cikin Sa'adatu ko Mu'azu ba ta fitowa a layukan ƙasan fasfo, kuma wasu shafukan sayen tikitin jirgi ba sa karɓarta. Ka yanke tun farko ko za ka sa ta ko za ka bar ta. Ka kuma faɗi sunan da ƙarfi a gaban wani ɗan ƙasar da ka yarda da shi. Fati a kunnen yaran Ingila ya yi kama da kalmar da ake tsokanar mai ƙiba da ita, kuma yara ba su da sauƙi a filin makaranta. Fatima ko Zahra ya wadatar a can, Fati ya zauna a gida.

Wanda ya fi duka rikita mutane shi ne sunan ƙarshe. Mu sunan uba muke jingina wa ɗa: Usman Bello Kumo ya haifi Amina, ta zama Amina Usman. A can ana sa ran iyali su haɗu a suna guda. Idan fasfonka ya ce Kumo, na matarka ya ce Abubakar, na 'yar ya ce Usman, ka shirya amsa tambayoyi a filin jirgi, musamman ranar da uwar za ta kai ta ganin dangi ita kaɗai. Mafita mai sauƙi ita ce Amina Usman Kumo, sunanka a tsakiya, na ƙarshen ya dace da fasfonka. Idan an riga an rubuta daban, uwa ta riƙa tafiya da cikakkiyar takardar haihuwa mai sunayen iyaye biyu, da wasiƙar amincewar uba.

Sunan alkunya irin su Ummi da Abba da Walida kada ya shiga takarda. Makarantu da yawa suna da gurbin sunan da yaro ya fi so a kira shi, can ne wurinsa. Kafin ka sa hannu a rajista, ka karanta harafi bayan harafi, domin gyara daga baya sai da kuɗi da cike takardu. A Ingila ana iya sauya sunan farko cikin wata 12 da yin rajista, amma tsohon yana nan a rubuce a cikakkiyar takardar.