Yadda za ka gane kwaɗo mai haƙa rami da hanci

Bara ina gyaran kunya a gefen fadamarmu, fartanya ta tono wani ɗan kwaɗo kewayayye, bai fi tsawon babban yatsana ba. Na ajiye shi kan danshi, kafin in juya ya soka hanci a ƙasa ya nutse. Tun ranar nake nemansa da gangan.

Lokacinsa farkon damina ne. Ka fita bayan magariba a daren da aka yi ruwa mai kyau, musamman in shinge ya tashi, domin gara da tururuwa ne abincinsa. Ka riƙe tocila, ka bi bakin kududdufi da inda ƙasa ta yi laushi. Da rani kada ka wahalar da kanka, yana can ƙarƙashin ƙasa.

In ka samu, fara duba kai. Ƙarami ne, idanu ƙanana, hanci mai tsini da tauri, ga wani ninkin fata ya ratsa bayan idanun. Ƙafafu gajeru, bayansa ruwan ƙasa da dabbare-dabbare. Amma abin da ba ya ruɗi shi ne haƙa: ajiye shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa ka jira. Yawancin kwaɗin rami da ƙafar baya suke tono, su shige da baya-baya. Wannan da kai yake shiga.

Dabbare-dabbaren nan ne suka ba shi suna. Wani masanin dabbobi Bajamushe, Wilhelm Peters, ya bayyana shi a 1854 daga waɗanda ya samo a Mozambik, yau masana na kiransa Hemisus marmoratus, kalmar ta biyu tana nufin mai zane irin na dutsen marmara. Mazauninsa dajin ciyawa ne, daga Senegal zuwa Habasha da Somaliya, har arewa maso gabashin Afirka ta Kudu, mu ma muna ciki.

Roƙona ɗaya. In ka tono rami kusa da ruwa ka tarar da kwaɗo zaune kan ƙwai, uwar ce take gadi. In sun ƙyanƙyashe, ita za ta haƙa musu hanya zuwa ruwa. Mayar da ƙasar a hankali, kada ka danna, ka matsar da kunyarka taku biyu.