Kurakuran da masu koyon zanen kogi da daji suka fi yi, da yadda ake gyara su

Wanda duk ya zauna da matasanmu masu koyon zanen kogi da daji da duwatsu, daga Mai Wurno har Kasala a ƙasar Sudan, zai lura cewa yawancin kurakuransu tushensu ɗaya ne, wato hannu ya riga ido, sai ya zana abin da aka saba ji maimakon abin da ke gabansa.

Ruwa ne ya fi tona wannan asiri. Yaro zai zauna a gaɓar kogi kusa da madatsar Sinnar a watan Agusta, lokacin da ruwa ya cika ya batse, ya kwaso laka daga tsaunukan Habasha har ya koma jajaja kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasar gini, amma ya tsoma burushinsa a shuɗin fenti don kawai ana kiran kogin Shuɗin Nilu. Gyaran ba shi da wuya: ya haɗa launin a ƙyallen takarda, ya miƙa hannu ya daidaita shi da ruwan, ya ƙanƙance ido ya gwada, in bai yi daidai ba ya sake haɗawa kafin ya taɓa ainihin zanen.

Haka abin yake ga itatuwa, kuma a nan ne na fi jin takaici, domin sau da yawa ana zana kowace bishiya da kore iri ɗaya da siffa iri ɗaya, kamar ba a taɓa zama a inuwarta ba. Gawo, wanda Larabawan Sudan ke kira haraz, yana zubar da ganyensa da damina, ya yi kore shar da rani. Duk wanda ya zana shi lulluɓe da ganye a tsakiyar gonar dawa mai tsanwa, manomi zai gane kuskuren da kallo ɗaya. Ibrahim El-Salahi, shahararren mai zanen Sudan wanda aka haifa a Umdurman a 1930, ya yi karatun zane a Landan, amma wannan bishiya ce ya yi ta zanawa shekara da shekaru saboda halin nan nata. Maganin shi ne mai koyo ya zaɓi bishiya guda a bayan gari, ya riƙa komawa gare ta da fensir ko gawayi har ya san yadda rassanta ke fita.

Akwai kuma kuskuren fita aiki da rana tsaka, lokacin da inuwa ta shige ƙarƙashin abu, haske ya wanke launuka. Daga fitowar rana zuwa hantsi, ko bayan la'asar, su ne lokutan da tudu da kwari ke bayyana. Inuwa kuwa tafiya take yi, don haka a shata wurinta tun farko kada a yi ta bin ta. Kada kuma a shafa mata baƙi zalla, domin inuwar da ke kan rairayi tana ɗauke da ɗan shuɗi daga sama.

Duwatsun Taka da ke Kasala suna koyar da darasin nisa. Mai koyo yakan ba dutsen da ke can nesa ƙarfin launi ɗaya da gidan da ke kusa, sai zanen ya manne ya rasa zurfi. Ƙura da iska suna dusashe abin da ya yi nisa, saboda haka a sassauta launinsa, a rage masa ƙananan layuka, a bar kaifi da duhu ga abin da ke gaba.

Fentin ruwa yana bushewa nan take a zafinmu, ya bar tabo a sararin sama. A jiƙa takardar da ruwa mai tsabta tukuna, a zauna a inuwa, sannan a gama saman da babban burushi a shafa ɗaya ba tare da an koma baya ba.