Darasi: Ruwan tankin sanyaya asibiti da ciwon huhu

Manyan asibitoci masu esi na gini gaba ɗaya suna da wani ƙaton tanki a saman bene ko bayan gini, ruwa mai ɗumi na zubowa ta sama, fanka na hura masa iska ya huce sai ya koma ciki. Ba irin ƙaramin esi na ɗakinku ba ne fa, wancan bai da wannan tankin.

To matsalar ita ce akwai wata ƙwayar cuta mai suna Lijonela da ke matuƙar son ruwa mai ɗumi, tsakanin digiri 20 zuwa 45, wato dai daidai ɗumin ruwan tankin nan. In ka sa yatsa a jikin bangon tankin ka ji yauƙi, ko ka ga gansakuka da tsatsa da laka sun kwanta a ƙasa, to nan ne gidanta, cikin yauƙin take ɓuya har magani ya kasa kai mata. Fankar kuma sai ta watsa feshin ruwan cikin iska, siriri ƙwarai ido ba ya gani, iska ta shigar da shi ta taga, mara lafiya ya shaƙa ya sauka a huhu. Bayan kwana 2 zuwa 10 sai zazzaɓi mai zafi da tari da numfashi sama-sama. Galibi mutum ba ya ɗauka daga mutum, kuma tsofaffi da masu shan taba da waɗanda ciwo ya riga ya cinye musu ƙarfi su ta fi kayarwa, asibiti kuwa ai su ne a kwance.

A 1976 ta ɓarke a wani otal a Filadelfiya ta Amurka lokacin taron tsoffin sojoji, wajen mutum 30 suka rasu. A 1985 kuma ta ɓarke a asibitin Stafford a Ingila, sama da mutum 20 suka rasu, kuma tankin asibitin ne sanadi.

Zuba kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, cikin tankin kawai ba ya wadatarwa, ni a ganina nan ne aka fi yin ganganci. Sai an kashe fanka tukuna, a sa magani ya zagaya, a zubar da ruwan, a kankare yauƙin da buroshi, a cika a sake sa magani, aƙalla sau 2 a shekara. Mai wankin ya sa takunkumi mai kyau da safar hannu. In injin ya daɗe a kashe kar a kunna sai an wanke, kuma duk ranar da aka yi wanki ko aka auna kulorin a rubuta a littafi da sunan wanda ya yi.