Yadda matashin mai tsara rawa zai sabunta tsohuwar rawar bale a kan kiɗan Debussy, Ravel ko Stravinsky

Daga 1909 zuwa 1929 wani ɗan Rasha mai suna Sergei Diaghilev ya jagoranci ƙungiyar rawar bale (rawar dandamali ta Turawa da ake tsarawa a kan kiɗa) mai suna Ballets Russes, wadda ta yi tashe a Faris da sauran biranen Turai. Shi ba ɗan rawa ba ne. Gwanintarsa ita ce haɗa mawallafin kiɗa da mai zane da mai tsara rawa a kan aiki ɗaya, kuma ba ya shakkar danƙa aikin ga yara matasa. Vaslav Nijinsky bai kai shekara 25 ba lokacin da ya tsara rawarsa ta farko a 1912, George Balanchine kuwa yana da 24 ya yi Apollo a 1928. Abin da wannan zamani ya bari shi ne gajerun raye-raye, yawancinsu daga na minti 10 zuwa na minti 35, a kan kiɗan da ya saɓa wa abin da kunnen Turawa ya saba ji. Har yau da wuya mai tsara rawa ya taso bai gwada ƙarfinsa a kan ɗaya daga cikinsu ba. Idan kai ma ka yi niyya, ga hanyar da za ka bi.

Zaɓi kiɗan da ya yi daidai da ƙarfinka

Kowa na son ya fara da Le Sacre du printemps na Igor Stravinsky, saboda shi ne mai suna. Ni dai ba zan ba ka wannan shawara ba. Ya haura minti 30, yana buƙatar tarin 'yan rawa, kuma manyan gwanaye sun riga sun yi masa rubdugu: Maurice Béjart a 1959, Kenneth MacMillan a 1962, Pina Bausch a 1975, Martha Graham a 1984. Wanda bai taɓa riƙe hankalin 'yan kallo na minti 10 ba, me zai kai shi nan?

Fara da Prélude à l'après-midi d'un faune (Faune a taƙaice) na Claude Debussy, wanda aka fara kaɗawa a 1894. Kimanin minti 10 ne, kuma mutum biyu sun isa su ɗauke shi. Idan kana da jama'a, akwai Boléro na Maurice Ravel na 1928, wajen minti 15. Sai dai kada sauƙinsa ya ruɗe ka. Ƙaramar ganga tana maimaita bugu iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, saurin bai canzawa, ƙara ce kawai ke hauhawa yayin da kayan kiɗa ke shigowa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya zubar da dabarunsa a minti 5 na farko, sauran minti 10 sai ya rasa abin yi.

Nemi izini tun kafin ka yi nisa

Debussy ya rasu a 1918, Ravel a 1937, Stravinsky kuwa sai 1971. A ƙasashen da haƙƙin mallaka ke kai wa shekara 70 bayan mutuwar mai aikin, kiɗan Debussy ya zama na kowa, na Stravinsky kuwa da saura, sai ka tuntuɓi kamfanin da ke buga ayyukansa. Faifan da za ka kunna ma yana da nasa masu haƙƙi dabam, haka matakan rawar wani: ayyukan Balanchine da na Pina Bausch akwai gidauniyoyin da ke kula da su. Ka gama da wannan kafin ka tara mutane su yi wata uku suna zufa.

Saurara har ka iya rera shi, sannan ka ƙirga

Nan ne aikin yake. Zaɓi faifai ɗaya ka tsaya a kansa, domin kowane jagoran makaɗa da saurin da yake tafiya, kuma ɗan bambancin da kunne ba zai damu da shi ba yana iya hana ɗan rawa sauka daga tsalle a kan lokaci. Ka yi kwanaki kana saurare ba tare da ka motsa ƙafa ba. Bayan nan ɗauki doguwar takarda, ja layi, ka rubuta minti da daƙiƙar da kowane abu ya faru: inda sarewa ta shigo, inda aka yi shiru, inda wata muryar da ka ji a baya ta dawo da sabon kaya. Idan ba ka iya karanta rubutun kiɗa ba, nemi mai kaɗa piyano ya zauna da kai. Ba abin kunya ba ne. Diaghilev da kansa ya ɗauko 'yar rawa Marie Rambert ta taimaka wa Nijinsky, wanda ya fara tsara rawar Le Sacre, wajen warware ƙirgen Stravinsky a 1913.

Ga misalin abin da za ka tarar. Bayan gabatarwar Le Sacre akwai wurin da masu goge ke sassara sauti ɗaya sau 32 a jere, kamar ana sussuka. Amma nauyin bugun ba ya faɗuwa inda jiki ke jira. Stravinsky yana rarraba su ne tara, biyu, shida, uku, huɗu, biyar, uku. Ɗan rawan da ya saba ƙirga takwas-takwas, a nan ƙafarsa za ta harɗe. Can gaba, kafin a fara girmama budurwar da aka zaɓa don sadaukarwa a labarin rawar, ganguna da goge suna dukan wuri ɗaya sau 11 cur. A rawar ƙarshe kuwa ma'aunin yana sauyawa kusan kowane taku. Stravinsky ya ba da labarin cewa a daren farko, 29 ga Mayu 1913, hayaniyar 'yan kallo a gidan Théâtre des Champs-Élysées ta hana 'yan rawa jin makaɗa, har Nijinsky ya hau kujera a gefen dandamali yana ƙwala musu lambobi.

Debussy kuma matsalarsa akasin haka ce. Sarewar da ke buɗe Faune tana gangarowa ta koma sama kamar ba ta da inda za ta, babu bugun da za ka kama. A nan ƙirge ba zai fisshe ka ba, sai dai ka koya wa 'yan rawanka su bi numfashin mai busa.

Da taswirar ta kammala, yanke shawara a kowane sashe: za ka taka tare da kiɗan, ko za ka tsaya cak shi ya yi ta gudu? Matasa sukan ji dole kowane sauti ya sami motsinsa. Kiɗa mai cunkoso irin na Stravinsky ya fi fitowa idan jiki ya rage surutu.

Kalli na magabata, ka nemo tambayar da suka bari

Wasu na cewa kada ka kalli aikin kowa don kada ya shafe ka. Ban yarda ba. Wanda bai kalla ba yakan maimaita abin da aka yi shekara 60 da suka wuce yana zaton shi ya ƙago. Kalli biyu ko uku, ka rubuta abin da kowanne ya ɗauka da abin da ya zubar, sannan ka rufe su har sai ka gama naka.

Duba abin da Jerome Robbins ya yi da Faune a birnin New York a 1953. A na Nijinsky na 1912, wata halitta ce ta tatsuniyar Girkawa, rabi mutum rabi dabba, ke kwance a kan dutse, 'yan mata bakwai suka zo wucewa, ɗaya ta yar da gyale, ya ɗauka ya koma da shi kan dutsensa. Yadda ya ƙare a kan gyalen ya sa editan jaridar Le Figaro ya yi tir da wasan, mai sassaƙa Auguste Rodin kuma ya kare shi. Robbins ya kwashe daji da dutse da tatsuniya gaba ɗaya. Ya bar saurayi da budurwa, 'yan rawa biyu, a ɗakin atisaye da rana tsaka, ya mai da 'yan kallo madubin ɗakin. Suna rawa tare amma kowanne siffarsa yake kallo a madubi. Ya gano cewa ƙashin bayan labarin shi ne wanda ya shagala da kansa, sai ya nemi inda irin wannan mutum yake a rayuwar da ya sani.

Pina Bausch ma haka ta yi da Le Sacre a Wuppertal ta Jamus. Labarin asali na wata al'umma ce ta zamanin jahiliyyar Rasha da ke zaɓar budurwa ta yi rawa har ta mutu don ƙasa ta yi albarka. Nijinsky ya nuna bikin, da dattawa da tufafin gargajiya. Ita kuwa tambayarta ita ce: yaya wadda za a zaɓa take ji, kuma yaya sauran matan suke ji da ba su aka zaɓa ba? Sai ga jar riga tana yawo daga hannu zuwa hannu, kowace na tsoron ta tsaya a wurinta.

Rubuta taka tambayar a jimla ɗaya. Idan ta ƙi shiga jimla ɗaya, ba ka same ta ba tukuna. Canza tufafi kawai, a ce an sa wa 'yan rawa kwat ko an ba su wayar hannu, ba sabuntawa ba ce.

Kafa wa jiki doka ɗaya

Abin da ya sa waɗannan raye-raye suka zauna a ido shi ne kowacce na da dokar da ta ɗaure jiki. A Faune, Nijinsky ya sa ƙirji ya fuskanci 'yan kallo, kai da ƙafafu kuma su kalli gefe, kamar zanen jikin tsofaffin tulunan Girka. A Le Sacre ya juya yatsun ƙafa ciki, alhali bale gaba ɗayanta a kan buɗe su waje aka gina ta, ya sa a riƙa dirka ƙafa a ƙasa maimakon a yi sama. Ƙanwarsa Bronislava Nijinska, a Les Noces na 1923, ta tsara bikin auren ƙauye babu murmushi ko ɗaya, ta jera kawunan 'yan mata wani kan wani, amarya a samansu.

Taka dokar tana iya zama ƙarama: ba wanda zai ɗaga hannu sama da kafaɗa, ko mutum biyun ba za su haɗa ido ba. Riƙe ta sosai, ka karya ta sau ɗaya tak, a wurin da taswirarka ta nuna kiɗan ya kai ƙololuwa.

Shiga ɗakin atisaye

Kada ka fara daga farko. Fara da wuri mafi wuya, tun jikin mutanenka da sauran ƙarfi kuma kai da sauran haƙuri. Ka zo da gajerun motsi uku ko huɗu, ka ba su, ka ga yadda suka zauna a jikinsu. Sau da yawa kuskuren ɗan rawa ya fi abin da ka shirya a gida kyau, don haka a bar waya tana ɗaukar bidiyo koyaushe. Wani lokaci a kashe kiɗan su yi da ƙirge kawai, wani lokaci a hana ƙirge su bi kunne.

Kuma ka yi aiki da jikin da ke gabanka. Makarantar École des Sables da Germaine Acogny ta kafa a Toubab Dialaw ta Sanagal ta tara 'yan rawa sama da 30 daga ƙasashen Afirka 14, suka koyi Le Sacre na Pina Bausch. Annobar korona ta tsayar da su a 2020, sai aka ɗauki hotonsu suna yi a bakin teku kan rairayi, daga baya suka zaga duniya da shi. Matakan na Pina ne, amma nauyin takun nasu ne. Marigayiya Dada Masilo ta Afirka ta Kudu ta wuce nan: ta ɗauki jigon sadaukarwar, ta gina shi da rawar Tswana, ta ajiye kiɗan Stravinsky ta sa makaɗanta suka yi sabo.

Kayan dandamali: abu ɗaya ya isa

Pina ta shimfiɗe dandamali da baƙar ƙasa, yadda zufa za ta kwashe ta ta manne a jiki, numfashi kuma ya yi nauyi. Béjart, a Boléro na 1961, ya ɗora mai rawa ɗaya a kan babban jan teburi mai da'ira, maza na zaune kewaye suna tasowa kaɗan-kaɗan yadda kiɗan ke ƙaruwa. Nemi abu ɗaya irin wannan wanda zai canza yadda ake taka ƙafa. Abin da ado kawai zai yi, bar shi, ka ba mai fitila kuɗin.

Nuna shi tun bai nuna ba

Manyan gidajen bale suna da dandalin gwaji don wannan. Ƙungiyar Noverre a Stuttgart ta ba Jiří Kylián da John Neumeier da William Forsythe damar nuna ayyukansu na farko, a New York kuma an kafa cibiyar masu tsara rawa a 2000 a ƙarƙashin New York City Ballet. Idan babu irin wannan kusa da kai, gayyaci mutum 10 zuwa ɗakin atisaye, a cikinsu a sami makaɗi ɗaya da wanda bai taɓa kallon bale ba. Kada ka yi musu bayani kafin a fara. Zauna a bayansu ka lura da lokacin da suka fara gyara zama ko duba waya, ka rubuta mintin. Bayan an gama tambaye su abin da suka gani, kada ka tambaye su ko ya yi kyau. Sannan koma kan taswirarka ka duba mintocin nan. Kiɗan ba naka ba ne balle ka datse shi, don haka a wuraren za ka rage motsi, ko ka fitar da wasu daga dandamali, ko ka dawo da wani abu da aka gani a baya, a sake nuna wa waɗannan mutanen bayan mako biyu.